In An Ce Sabon Ƙaho Ya Kusa Fitowa: Abin Da Ya Kamata Ikkilisiya Ta Sani

A wannan mako za mu ɗan kauce daga darussan da muka saba kawowa a wannan fili, mu taɓa zancen ƙahon nan na Turawa mai bawul uku, wanda mawaƙanmu da yaranmu na Boys' Brigade suke kira tirampet.

Dalili kuwa shi ne, in kaka ta yi aka kawo baikon godiya, ƙungiyar masu busa takan miƙa wa majalisar dattawa takardar roƙo a saya mata kayan kiɗa kafin Kirsimeti. A da, abin da akan rubuta bai wuce ƙaho kaza da ganga kaza ba. Yanzu da kowane yaro ke riƙe da waya, takardar takan zo da sunan kamfani da lambar samfuri, wani lokaci ma har da shawarar a dakata, wai an ji ƙishin-ƙishin kamfanin na shirin fito da sabo wanda ya fi na yanzu. Dattawa su yi ta kallon juna, ma'aji ya yi tagumi. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Ƙaho ɗaya irin wanda manyan kamfanoni ke ƙera wa ƙwararru yakan haura dala 3,000 a Amurka, tun ba a yi maganar jigila da kwastan ba. Wannan kuɗi daga damin dawar manomi ya fito, da kwabon gwauruwa, da gudummawar zumuntar mata. Don haka ya kamata mu san abin da yake canzawa in an ce an sabunta ƙaho, da kuma wanda canjin zai amfana.

Ƙaho ba baƙo ba ne a wurinmu

Littafin Ƙidaya sura 10 ya ba da labarin yadda Ubangiji ya umarci Musa ya ƙera ƙahoni biyu na azurfa domin kiran taron jama'a da kuma tashin zango. In an busa duka biyun, kowa da kowa ya hallara. In ɗaya aka busa, shugabanni ne kaɗai ake nema. A ranar keɓe Haikalin Sulemanu kuma, 2 Tarihi sura 5 ta nuna firistoci 120 ne suka busa tare da mawaƙa. A ƙasar Masar an tono ƙahoni biyu a kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a shekarar 1922, har aka busa su a gidan rediyon BBC a 1939. Mu ma a nan Arewa muna da kakakin sarakuna, wanda tarihin Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Duk waɗannan, har da begilar da Boys' Brigade ta saba da ita tun bayan kafa ta a birnin Gilasgo a 1883 da isowarta Nijeriya a 1908, abu ɗaya ya haɗa su: bututu ne mai tsawo ɗaya tak, don haka muryoyin da yake iya bayarwa ƙididdigaggu ne. Da begila ana iya kiran fareti, amma ba a iya bin waƙar sujada daga farko zuwa ƙarshe, domin wasu muryoyin babu su a cikinta sam.

Abin da ya warware wannan matsala shi ne bawul. Wasu Jamusawa biyu, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, suka sami takardar mallakar wannan dabara a 1818. Daga bisani wani Bafaranshe mai suna François Périnet ya gyara ta a birnin Faris a 1839, kuma irin nasa ne ke jikin ƙahonin da muke gani a majami'unmu har wa yau. Wannan shi ne babban canji na ƙarshe da aka yi wa ƙaho. Duk abin da ya biyo baya gyaran fuska ne, ko da yake gyaran fuskar ma yana da nasa amfani.

Yadda ƙaho yake aiki

In aka warware ƙaho irin wanda muka fi amfani da shi aka miƙe shi, tsawonsa kimanin santimita 148 ne, nauyinsa kuma kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Daga wajen mai busa akwai ɗan kofin da ake kafa leɓe. Yana biye da siririn bututu mai buɗewa a hankali, wanda za mu kira maƙogwaro. Sai gwiwar saiti, wadda ake ja ko a tura domin muryar ta yi daidai da ta molo ko piyano. Sa'an nan bawul uku, a ƙarshe kuma mazurari, watau buɗaɗɗen bakin da sauti ke fita.

Ƙarfin huhu kaɗai ba ya sa ƙaho ya yi kuka. Leɓunan mai busa ne ke karkarwa, su kuma su sa iskar da ke cikin bututun ta yi rawa. In bututu ya ƙara tsawo, murya takan yi ƙasa. Aikin bawul ke nan: in an danna shi, sai ya karkatar da iska ta bi wata 'yar ƙarin hanya. Na biyu yana saukar da murya rabin mataki, na farko mataki ɗaya, na uku mataki ɗaya da rabi.

A nan akwai wata tangarɗa da babu kamfanin da ya iya kawar da ita, domin ta lissafi ce. Kowane bawul an auna ƙarin hanyarsa ne da tsawon ƙahon a buɗe. In aka danna na farko da na uku tare, ana bukatar ƙarin kashi 33 cikin ɗari da ɗoriya, alhali su biyun abin da suke bayarwa bisa lissafi bai wuce kashi 31 ba. Giɓin ya kai santimita 3. Shi ya sa re na ƙasa, da muryar da ke tsakanin do da re, sukan haura sama da inda ya kamata. Wannan zoben da ke jikin bututun bawul na uku ba ado ba ne. An sa shi ne domin mai busa ya tura bututun waje da yatsa in ya zo kan waɗannan muryoyi. Yaron da bai koyi wannan ba, ko an ba shi ƙahon zinariya, zai ci gaba da ɓata wa mawaƙa waƙa.

Manyan maƙera biyu

Sunaye biyu ne suka fi yawo a takardun roƙon matasanmu. Na farko Bach. Vincent Bach mutumin ƙasar Ostiriya ne, an haife shi a 1890, ya yi karatun injiniya, kuma gwanin busa ne. Ya ƙaura zuwa Amurka a 1914, ya fara ƙera kofunan busa a birnin Niyok a 1918, daga baya ya shiga ƙera ƙahonin da ya laƙaba wa suna Stradivarius. Ya mai da masana'antarsa garin Mount Vernon a 1953, ya sayar da ita ga kamfanin Selmer a 1961, aka kuma koma da aikin garin Elkhart na jihar Indiyana a 1965. Samfurinsu da ya fi yaɗuwa shi ne 180 mai mazurari lamba 37.

Na biyu Yamaha ta ƙasar Japan, wadda asalinta ya faro a 1887 daga gyaran wani molon makaranta a garin Hamamatsu. Sai a 1966 ta fito da ƙahonta na farko, ta kuma nemi shawarar Renold Schilke, wani shahararren maƙeri kuma mai busa na birnin Shikago. A 1990 ta ƙaddamar da jerin ƙahonin ƙwararru mai suna Xeno, wanda ta sabunta fiye da sau ɗaya tun daga lokacin. Ta kuma yi aiki da John Hagstrom na ƙungiyar makaɗan Shikago wajen tsara wani samfuri na musamman.

Inda canji yakan faɗa

Wanda ya bi tarihin sabunta waɗannan ƙahoni zai iya hasashen inda hannun maƙeri zai taɓa a karo na gaba, domin wuraren ba su da yawa.

Na ɗaya, maƙogwaro. Yadda yake buɗewa daga kofi zuwa gwiwar saiti shi ke nuna ko ƙahon zai riƙa tura iska baya ko zai sake ta ta wuce. Bambancin da bai kai kaurin takarda ba, ƙwararre yana jin sa. Akwai kuma tsarin da ake juya haɗin, gwiwar saiti ta hau bisa maƙogwaron maimakon ta shige cikinsa, domin iska ta wuce babu tuntuɓe. Bach da Yamaha duk suna da samfurori masu wannan tsari. Wasu suna son sa saboda sauƙin busa, wasu kuwa sun ce yakan rage musu abin jingina.

Na biyu, mazurari. A ƙahon ƙwararru da falle ɗaya na tagulla ake yin sa, a naɗe, a liƙe, a bubbuga da guduma. Abin da akan canza shi ne kaurin fallen, da yadda bakin yake buɗewa, da irin wayar da ake naɗewa a gefensa, har da gefen da ɗinkin yake kallo. Ita tagullar ma iri-iri ce. Ruwan ɗorawa tana da jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. Mai ja-ja, wadda ake kira ta zinariya ko da yake babu zinariya a cikinta, tana da jan ƙarfe kashi 85. Masu busa sukan ce ta farko ta fi kaifin murya, ta biyu ta fi taushi.

Na uku, gidan bawul. Akan rage masa kauri ko a ƙara, a canza nauyin murafunsa, ko a haɗa shi da ƙarfe iri biyu. A wani sabuntawa da Yamaha ta yi wa Xeno, cikin abubuwan da ta lissafa akwai rage kaurin gidan bawul da na fistin, da gyara kusurwar 'yan bututun da ke fita daga cikinsa, da matsar da abin da ke tare bututun bawul na uku domin ya ƙara fita.

Na huɗu, 'yan sandunan tokara da suke riƙe sassan ƙaho. Ko'ina aka kafa ɗaya, wurin yakan rage karkarwa. Matsar da tokara kaɗan, ko cire ta, yana sauya yadda ƙahon yake amsawa a hannun mai shi.

Na biyar, ƙananan abubuwa: makullin zubar da ruwa, da siffar gwiwar saiti, ko mai lanƙwasa kamar baka ko mai kusurwa, da shafen waje, ko azurfa ko fenti marar launi.

Shi kuwa faɗin bututu da wuya a taɓa shi. Yawancin ƙahonin ƙwararru suna kan milimita 11.66 ne ko kusa da haka. Bawul ɗin nan uku ne, tsarin yatsu bai canza ba, kofin da kake da shi zai shiga. Duk wanda ya ce maka sabon samfuri zai mai da na yanzu abin yarwa, ciniki yake nema.

Da tsohuwar zuma ake magani

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, sau da yawa sabon samfuri komawa baya yake yi. Ƙwararru a Amurka da Turai suna farautar ƙahonin Bach na zamanin Mount Vernon, suna biyan kuɗi mai tsoka a kansu, ko da shafensu ya goge. Kamfanin da kansa, da ya tashi bikin cika shekara 50 a Elkhart a 2015, sai ya fito da samfurin 190 wanda ya dawo da wasu dabarun da aka bari, kamar gidan bawul mai ɓangare biyu da ɗinkin mazurari a gefe. Ashe abin da ake tallatawa da sunan sabo, wani lokaci tsoho ne aka wanke.

Har ila yau ƙwararrun ba su taɓa haɗuwa a kan ra'ayi ɗaya ba. David Monette na birnin Fotlan ya yi suna da ƙahoni masu nauyi ƙwarai, irin waɗanda Wynton Marsalis ke busawa, alhali wasu gwanayen marar nauyi suke nema. Dizzy Gillespie kuwa, kamar yadda shi kansa ya ba da labari, faɗa wa ƙahonsa aka yi a wurin wani biki a 1953 mazurarin ya tanƙware ya kalli sama. Ya busa, ya ji daɗin yadda sautin ke dawo masa kunne, ya sa aka riƙa ƙera masa irinsa har ƙarshen ransa.

Wa zai ji bambancin?

Masu binciken sauti sun yarda cewa siffar cikin bututu ita ce ta fi komai tasiri a kan muryar ƙaho. Game da irin ƙarfe da nauyinsa kuwa, har yanzu ana muhawara a kan yawan abin da mai sauraro ke ji, kuma mai busa ya fi jin bambancin da wanda ke zaune a benci. Wannan bai sa gyare-gyaren su zama banza ba. Mutumin da busa ce sana'arsa, yana yin sa'o'i kowace rana da ƙaho a baki, yana bukatar muryarsa ta ratsa makaɗa tamanin ta kai ƙarshen babban zaure, ɗan sauƙin da aka ƙara masa babban abu ne. Domin irinsa ake yin waɗannan canje-canje.

Halinmu dabam ne. Masu busanmu ɗalibai ne da teloli da manoma da ma'aikata, waɗanda suke haɗuwa koyo sau ɗaya ko biyu a mako. Suna busa a majami'a mai rufin kwano, da filin taron bishara, da hanyar maƙabarta. Abin da ya fi damun sautinsu shi ne bawul mai maƙalewa, da gwiwar da ta ƙi motsi, da iskar da ke zurarewa ta makullin ruwa, da rashin wanda zai koya musu numfashi. Ko yanayi ma ya fi sabon samfuri tasiri a kanmu: ƙaho mai sanyi muryarsa takan yi ƙasa, in ya ɗumama ta hau. Wanda ya yi saiti da sanyin asuba na hunturu a Jos ko Biu, dole ya sake kafin a kai ga wa'azi.

Shawara ga majalisar dattawa

Ubangijinmu ya koya mana a Luka sura 14 cewa mai shirin gini yakan fara zama ya yi lissafi. Ga abin da muke gani ya dace a lissafa.

Kada a tsai da aikin Allah domin jiran jita-jita. In ana bukatar ƙaho bana, a sayi wanda yake kasuwa. Wanda ma ya yi haƙuri har sabon ya fito, ribarsa sau da yawa ita ce na da ɗin yakan yi sauƙi.

A auna bukata. Kuɗin ƙaho ɗaya na ƙwararru zai sayi na 'yan koyo masu inganci fiye da ɗaya, a kuma sami na mai da na gyara. Ƙahoni huɗu da suke tafiya da murya ɗaya sun fi guda mai tsada da ke tafiya shi kaɗai. Amma fa araha ba ta ado. Akwai masu ƙyalli marasa suna waɗanda bawul ɗinsu kan mutu cikin 'yan watanni, kuma ba a samun kayan gyaransu.

A yi hattara da jabu. Ana buga sunan Bach da Yamaha a jikin ƙahonin da ba su taɓa shiga masana'antarsu ba. In an kawo maka na ƙwararru sabo fil a kuɗin na 'yan koyo, ka san da walakin. A duba lambar da aka buga a jikin gidan bawul na tsakiya, a nemi rasit da takardar garanti, a kuma sayi daga dillalin da za a iya komawa wurinsa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A tafi da wanda ya fi kowa iya busa. Ya danna kowane bawul ya ga ko yana tasowa da kansa babu jinkiri. Ya jawo kowane bututu ba tare da danna bawul ba, ya ji ko zai yi ƙara kamar an buɗe kwalba, domin wannan ne alamar iska ba ta zurara. In na hannu ne, a duba maƙogwaro. Ɗigo-ɗigon ja a jikinsa yana nuna tutiyar ta fara cinyewa daga ciki, kuma rami na tafe.

A ware kuɗin malami. A Afirka ta Kudu wani limamin Angilikan, Fada Trevor Huddleston, ya ba wani yaro ɗan shekara 14 ƙaho, bai tsaya nan ba ya nema masa mai koya masa. Yaron nan shi ne Hugh Masekela, wanda duniya ta san shi da busa har rasuwarsa a 2018. Mu kuwa sau nawa muke sayen kaya mu kulle a ɗakin ajiya, babu mai koyarwa?

Riƙon amana

Rigakafi ya fi magani. Tazarar da ke tsakanin fistin da gidansa ba ta kai kaurin gashin kai ba, saboda haka ƙurar hunturu babbar abokiyar gaba ce. A mai da ƙaho akwatinsa da zarar an gama. A sa masa man bawul na ainihi, ban da man gyaɗa, ban da man inji, ban da yawu. A wanke cikinsa lokaci lokaci da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, gama ruwan zafi yana ɓare shafen. Kowane fistin yana da lambarsa, 1, 2, 3, kada a musanya su. A kurkure baki kafin busa, musamman bayan kunu ko lemon kwalba, domin zaƙin da ke taruwa a ciki yana cin maƙogwaro. In kofi ya maƙale, kada a kama shi da filaya. Akwai abin cire shi na musamman a wurin masu gyara. Majalisa kuma ta naɗa mutum ɗaya mai littafi, wanda zai rubuta wa ya ɗauka da ranar da ya dawo da shi.

Manzo Bulus, a 1 Korintiyawa sura 14, ya kawo misalin ƙaho domin ya nuna cewa sautin da ba a gane shi ba ba ya ta da kowa. Kamfanoni za su ci gaba da matsar da tokara da rage kaurin tagulla, kuma muna yi musu fatan alheri, gama aikin hannu mai kyau baiwa ce daga Allah. Namu shi ne ran Lahadi in an ɗaga ƙaho, tsohuwar da ke bencin baya ta gane waƙar ta kama, ma'aji kuma ya iya tsayawa gaban jama'a ya ba da lissafin kowace naira da fuska a sake.

Allah ya ba dattawanmu hikima, ya ba matasanmu naciya wajen koyo. Amin.